Matar Kolombiya da amiloyid ya cika wa ƙwaƙwalwa amma mantuwa ta yi kusan shekara 30 bata iso ba

A shekarar 2016 aka ɗauko wata tsohuwa 'yar shekara 73 daga birnin Medelin na ƙasar Kolombiya aka kaita Boston a Amurka, dan kawai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta a ɗebi jininta. Lafiyarta ce ta ɗaure wa likitoci kai. Sabida a lissafinsu matar nan ya kamata ace tun tana 'yar shekara 44 ta fara rikicewa, a 49 ta shiga cutar mantuwa ta Alzaima sosai, kafin ta kai 60 kuma ace an yi jana'izarta. Haka ake yi a danginsu, kuma ita ma tana ɗauke da irin ƙwayar gadon da ke jawo abun. Amma gata nan ta haura 70 tana hira tana harkokinta, abun da kawai aka gani shine 'yar mantuwa ta abubuwan da suka faru kwanan nan, irin wadda za ka iya gani a wurin tsofaffi da yawa.

Dangin nata sai an ɗan yi bayaninsu tukunna in ba haka ba ba za a gane girman lamarin ba. A jihar Antiyokiya, cikin duwatsun arewa maso yammacin Kolombiya, akwai wata zuri'a mai mutum wajen 6,000 da suka bazu a Medelin da ƙauyuka irin su Yarumal. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Antiyokiya mai suna Francisco Lopera tun shekarun 1980 ya fara cin karo da su, an kawo masa magidanci bai kai 50 ba amma ya manta komai, da aka tambaya sai aka ce ai babansa ma haka yayi, kakansa ma haka. Daga nan Lopera da abokan aikinsa suka dinga shiga ƙauyuka gida gida, suna buɗe tsoffin littattafan coci na haihuwa da aure da mutuwa suna haɗa salsala, a lokacin da yankin ke fama da 'yan bindiga da masu safarar hodar ibilis. A 1995 aka gano inda matsalar take, wani ɗan canji ne a ƙwayar gado mai suna PSEN1 da ke kan kuromosom na 14, ana kiran canjin E280A, wato furotin ɗin da ƙwayar ke sa a haɗa jerin tubala ne, a gurbi na 280 wani tubali ya maye gurbin wani. Shikenan fa, tubali ɗaya. Kwafi ɗaya ya isa, in uba ko uwa na da shi kowane ɗa yana da rabi da rabi na gadonsa, wanda ya gada kuma kusan ba makawa sai ya kamu. Ana ƙiyasta masu ɗauke da shi a zuri'ar sun kai wajen 1,200, kuma babu wani dangi mai irin wannan Alzaima ta gado da aka sani a duniya da ya kaisu yawa.

To me PSEN1 yake yi? A jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wani dogon furotin da ake ce wa APP, yana soke a fatar ƙwayar, rabi ciki rabi waje. Jiki yana yanka shi kullum, wannan ba ciwo bane, kowa nasa ana yankawa. Almakashi biyu ne ke yin yankan da ke fitar da amiloyid, na farko ya yanka ta waje, na biyun ya yanka a cikin fatar, kuma PSEN1 shine bakin almakashin na biyu. Guntun da ke fita shine amiloyid beta. Yawancinsa yana da tubali 40, kaɗan daga ciki yana da 42. Bambancin tubali biyu kacal amma mai 42 ɗin nan danƙo gare shi, yana manne wa ɗan uwansa, su zama ƙananan curi, su zama zare, a ƙarshe su zama gudaji a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Gudajin nan su Alois Alzheimer, likitan da aka sa wa cutar sunansa, ya gani a madubin likita a 1906, amma sai 1984 George Glenner da Caine Wong suka gano ainihin furotin ɗin da ke ciki. Abun da E280A ke yi shine ya karkatar da almakashin, sai kason mai 42 ya ƙaru, tun daga haihuwa.

Amfanin wannan dangi ga masu bincike, duk da abun tausayi ne, shine an san wanda zai kamu kuma an san kusan shekarar da zai kamu, dan haka za ka iya duba mutum yana lafiya ƙalau shekara 20 kafin ciwo ka ga me ke faruwa a ciki. Hanya biyu ake bi. Ɗaya hoton PET, ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai ɗan tururin nukiliya da ke manne wa gudajin amiloyid, na'ura ta nuna inda ya taru, irin na farko da ake kira PiB an fitar da sakamakonsa a mutane a 2004 daga Pittsburgh da Uppsala. Ɗayar kuma ruwan laka.

Ruwan lakan nan ya cancanci a tsaya a kansa sabida anan mutane da yawa ke rikicewa. Ruwa ne garai kamar na sha, yana kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, wajen mililita 150 ne a jikin babban mutum, kuma jiki na sarrafa kusan 500 a yini, wato ana sabunta shi sau uku zuwa huɗu kullum. Duk abun da ƙwaƙwalwa ta zubar wani kaso nasa ta nan yake bi. In za a ɗiba mutum zai kwanta a gefe ɗaya ya naɗe gwiwa zuwa ƙirji, ko ya zauna ya duƙa, a goge bayan da maganin kashe ƙwayoyin cuta a yi allurar kashe zafi, sai a zura siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu, can ƙasa da inda lakar ta ƙare, shi yasa ba a taɓa lakar kanta. Ba a zuƙowa da ƙarfi yawanci, barinsa ake yana ɗigowa ɗis ɗis cikin kwalba har a samu mililita 10 zuwa 15. Abun da aka fi kuka da shi bayan nan ciwon kai ne da ke tashi in mutum ya miƙe ya lafa in ya kwanta, kuma matasa sun fi tsofaffi samunsa. Sannan ita kanta kwalbar ba kowacce ba, dole sai roba irin ta folifurofilin, sabida mai 42 ɗin da danƙonsa yana manne wa gilashi da wasu robobin, in aka yi kuskuren kwalba ko aka yi ta juye ruwan daga wannan zuwa waccan sai adadinsa ya faɗi a gwaji, a rubuta wa mai lafiya sakamakon mai ciwo. Wanda za a ajiye dan bincike ana daskarar da shi a digiri 80 ƙasa da sifili.

Kun ji na ce faɗuwar adadi ita ce alamar ciwo ko? Eh haka ne, kuma duk wanda ya fara ji sai ya ce ai an juya. A mai Alzaima amiloyid 42 a ƙwaƙwalwa yana da yawa amma a ruwan laka raguwa yake, kusan rabin na mai lafiya, tun 1995 aka fara ba da rahoton haka. Kamar kwata ce, in ka tsaya a ƙarshenta ka ga shara ta daina fitowa alhali ba a daina zubawa ba, to ta maƙale ne a ciki. Gudajin ne ke kama sabon mai 42 da aka yanka su hana shi fita. Shi kuma mai 40 baya raguwa sosai, shi yasa yanzu ake raba 42 da 40 a duba kason, sabida wasu mutanen a halittarsu suna fitar da amiloyid da yawa wasu kaɗan, kason ne ke cire wannan bambancin. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin kason nan na ruwan laka a watan Mayun 2022.

A dangin Antiyokiya an ga abun tun daga farkonsa, wanda a sauran mutane ba a cika gani ba. Eric Reiman na cibiyar Banner da ke Arizona da su Lopera sun fitar da bincike a 2012 kan matasa 'yan 18 zuwa 26, sai aka ga masu ɗauke da E280A mai 42 ɗinsu a ruwan laka ya fi na 'yan uwansu marasa shi YAWA. Wato a wannan shekarun ana ta zubawa kuma hanya a buɗe take. Sai daga baya ya juyo ya fara gangarowa, hoton PET kuma ya nuna gudaji na fara taruwa a wajen shekara 28, wato shekara 16 kafin rikicewar farko, 21 kafin cikakkiyar mantuwa. A shekarar dai wani rukunin bincike mai suna DIAN, da ke bin iyalai masu irin wannan gadon a Amurka da Ingila da Ostireliya, ya samu kusan irin haka a mutum 128, mai 42 na ruwan laka ya fara sauka kimanin shekara 25 kafin lokacin da ake tsammanin alamomi, gudaji a PET shekara 15 kafin. Ka ga kenan saurayi ɗan 30 yana aiki yana neman aure, amma a ciki an riga an fara.

Yanzu mu koma kan tsohuwar. A Asibitin Massachusetts General, ƙarƙashin Yakeel Quiroz wadda ita ma 'yar Kolombiya ce, aka yi mata hotuna. Da a ce ni aka tambaya kafin sakamako da na ce ƙila jikinta ya samu wata dabara ta hana amiloyid taruwa, kuma na tabbata yawancin masu binciken ma abun da suka zata kenan. Ina! Hoton PiB ya nuna amiloyid ɗinta ya fi na 'yan uwanta da suka riga suka rikice a shekarunsu na 40. Ma'aunin nata 1.96, nasu tsakanin 1.49 zuwa 1.60. Abun ba mamaki in ka yi tunani, ta samu ƙarin shekara 30 ana ta tarawa. Ƙwaƙwalwa cike taf da gudaji, mai ita kuma tana gane 'ya'yanta.

Da aka ɗauki hoton furotin na biyu anan ne gizo ke saƙa. Tau sunansa, shi a cikin ƙwayar jijiya yake zama, aikinsa riƙe 'yan siraran bututun da ake jigilar kaya a kansu a cikin ƙwayar. A Alzaima fosfet yana yi masa yawa ya saki bututun ya cukurkuɗe da kansa, ƙwayar ta mutu daga ciki. Kuma an daɗe da sanin cewa inda tau ya kai da yawansa sun fi dacewa da halin da mara lafiya ke ciki fiye da yawan gudajin amiloyid. Yana farawa ne daga can cikin gefen ƙwaƙwalwa wajen da ake ajiye sabon tunani, sannan ya bi jijiyoyi yana yaɗuwa sashe zuwa sashe. A wurin matar nan tau ɗin kaɗan ne, ya taƙaita a wasu wurare, bai mamaye inda ya saba mamayewa a danginta ba. Hoton da ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke cin sukari ma ya nuna sassan da kan yi sanyi a masu ciwon nata suna aiki kusan daidai, kuma alamar mutuwar jijiyoyi da ake aunawa a jini bata hau ba. An sake gwada tunaninta cikin shekara biyu bata wani canza ba.

Sai aka koma kan ƙwayoyin gadonta, wannan aikin Joseph Arboleda-Velasquez na Harbad ne ya jagoranta. Aka tarar da wani abu a APOE. Shi APOE duk mai bin labarin Alzaima ya san shi, furotin ne mai jigilar kitse da kolestarol a jini da ƙwaƙwalwa, yana da iri uku, na 4 yana ƙara haɗarin ciwon, na 2 yana ragewa, na 3 shine na yawancin mutane. Nata na 3 ne amma da wani ɗan canji da ba kasafai ake gani ba, R136S, ana ce masa Christchurch sabida a garin Christchurch na Niyu Zilan aka fara bayyana shi a shekarun 1980, a lokacin ma maganar kitsen jini ake babu ruwansu da ƙwaƙwalwa. Kuma kwafi biyu ta gada, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A yankin da dangi suka daɗe suna auren juna cikin duwatsu irin haka na iya faruwa, amma duk da haka a cikin duk waɗanda aka gwada a zuri'ar ita kaɗai aka samu da E280A da kuma Christchurch biyu. A watan Nuwamban 2019 aka buga labarin a mujallar Nature Medicine.

Bayanin da suka kawo na yadda abun ke aiki yana da ma'ana. A saman ƙwayoyin jiki akwai wasu sarƙoƙin sukari da ake kira hefaran salfet, APOE na kama su, kuma an nuna cewa lalataccen tau ta wurinsu yake samun shiga sabuwar ƙwaya. A ɗakin gwaji aka zuba nau'o'in APOE a kan hefarin, wani sinadari mai kama da hefaran salfet ɗin, aka ga wanne ya fi riƙewa, na 4 ya fi kowa, na 2 ya yi sako sako, shi kuma Christchurch kusan baya kamawa. Gurbi na 136 ɗin yana daidai wajen da kamun ke faruwa. Jerin ƙarfin kamun ya bi jerin haɗarin ciwon, wannan ne ya sa mutane suka ɗauki maganar da muhimmanci. Abun bai zo mata kyauta ba dai, tana da matsalar kitsen jini irin wadda ake gani a masu wannan canjin.

A watan Nuwamban 2020 ta rasu tana da shekara 77, kansar fata ce ta yaɗu a jikinta. Iyalanta suka ba da ƙwaƙwalwarta ga ma'ajiyar ƙwaƙwalwa ta Jami'ar Antiyokiya, wanda ba ƙaramin abu bane a nemi haka a wurin mutanen da ke cikin makoki, kuma dole a yi cikin sa'o'i kaɗan kafin naman ya fara lalacewa. Yadda ake yi a irin wannan ma'ajiya, wani ɓangare a jiƙa shi a fomalin ya yi tauri a yanka shi siriri siriri fiye da gashi a ɗora a gilashi a rina, amiloyid ya fito launinsa tau ya fito nasa, wani ɓangaren kuma a daskarar dan a karanta abun da kowace ƙwaya ke sarrafawa. Diego Sepulveda-Falla a Hambag ta Jamus da abokan aikinsa suka buga sakamakon a 2022. Amiloyid ko'ina kamar yadda PET ya faɗa. Tau kuma ya yi wani rabo da ba a saba gani ba, gaban ƙwaƙwalwa wajen goshi inda ake tsara al'amura da yanke shawara kusan ya tsira, wajen ajiye sabon tunani ma da sauƙi, amma ƙeya, sashen da ke sarrafa gani, nan tau ya yi kaca kaca, kuma nan ne kaɗai a ɓawon ƙwaƙwalwar aka ga amiloyid ya shiga bangon jijiyoyin jini. A Alzaima ta yau da kullum ƙeya ce ake zuwa wa a ƙarshe. Da suka duba ƙwayoyin sai suka ga a sassan da suka tsira ana sarrafa APOE ɗin nata da yawa, a ƙeyar kuma kaɗan. Wato inda Christchurch ya yi yawa nan kariya ta yi yawa, a cikin kai ɗaya. Ni wannan ne ma yafi burge ni fiye da hoton farko, sabida ƙwaƙwalwa ɗaya ce, shekaru ɗaya, abinci ɗaya, ba za a ce wani abu na rayuwarta ne ya bambanta goshi da ƙeya ba.

Da labarin ya fita kowane ɓangare ya ja shi gefensa. Tun 1992 da John Hardy da Gerald Higgins suka rubuta cewa amiloyid ne ke fara komai sauran su biyo baya, akwai masu cewa an ɓata kuɗi da shekaru a kan abun da ba shine ba, kuma suna da abun nunawa, magunguna da yawa sun faɗi a gwaji, sannan tsofaffi masu cikakken hankali da yawa suna da gudajin, wani babban nazari na 2015 ya ce daga wajen kashi 10 cikin 100 a shekara 50 zuwa kashi 44 a shekara 90. Sai suka ce to ga mata nan, amiloyid har ya yi yawa kuma ba komai. A ganina sun yi saurin murna. Dangin nan gaba ɗaya hujja ce ta amiloyid, canji ɗaya a almakashin da ke yanka shi ya kwantar da mutum sama da dubu a shekarun da aka san su. Masu larurar Down da ke da kuromosom na 21 guda uku, inda APP yake, suna tara gudaji tun kafin 40. A Aisilan an samu wani canji a APP a 2012 da ke rage yankan da kusan kashi 40 cikin 100 kuma masu shi suna samun kariya. Kuma ita ma matar ai bata tsira kwata kwata ba, tau ya kama ƙeyarta, mantuwa ta fara taɓa ta a shekarunta na 70. Abun da ta nuna shine tsakanin taruwar amiloyid da mutuwar jijiya akwai mataki, matakin yana bi ta tau da kumburi da APOE, kuma ana iya rage masa gudu ƙwarai ko da gudajin suna nan daram. Su ma masu goyon bayan ra'ayin amiloyid ɗin sai su rage baki, dan shekara da shekaru suna magana kamar share gudaji shine duka aikin.

Dangin sun ɗanɗana wannan da kansu. Daga 2013 aka fara wani gwaji a Kolombiya da maganin crenezumab na kamfanin Genentech, mutum 252 daga zuri'ar waɗanda basu fara nuna alama ba, ana yi musu allura shekara biyar zuwa takwas. Aka saka har da marasa ɗauke da E280A ana basu allurar da ba magani a ciki, dan kada shiga gwajin kansa ya tona wa mutum cewa yana da shi, sabida yawancinsu basu san matsayinsu ba kuma ba a faɗa musu. A watan Yunin 2022 aka ce maganin bai rage saurin ciwon yadda za a iya dogara da shi ba. Sai dai shi ma bai wani share gudajin ba, dan haka an yi ba a yi ba, tambayar na nan. Waɗanda suka share sosai daga baya suka zo, lecanemab a gwajin mutum 1,795 ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18, wanda a ma'auni mai maki 18 bai kai rabin maki ba, kuma yana jawo kumburi da ɗan zubar jini a ƙwaƙwalwar wasu, musamman masu APOE na 4. An amince da shi cikakke a Amurka a Yulin 2023, donanemab a Yulin 2024. Suna aiki, amma kaɗan, a mutanen da tau ɗinsu ya riga ya kama hanya.

Babban rauni na labarin matar nan kowa ya sani, mutum ɗaya ce. Ba ka da ta biyu mai kwafi biyu da za ka gwada da ita, ƙila akwai wani abun daban a gadonta da ya taimaka. Shi yasa aka koma cikin zuri'ar neman masu kwafi ɗaya. A 2024 a mujallar New England suka ce cikin mutum 1,077 sun samu 27 masu E280A da Christchurch ɗaya, kuma su rikicewar ta fara musu a wajen shekara 52 maimakon 47 na waɗanda aka gwada su da su. Shekara biyar, ba 30 ba, amma ta gefen da ake tsammani. Akwai masu ja da wannan, 27 ba yawa bane kuma duk 'yan uwan juna ne, sannan a Sifen an ba da rahoton masu Christchurch ɗaya da suka kamu da Alzaima da wuri. A 2023 kuma an sake fitar da labarin wani mutum a dangin, shi bashi da Christchurch, nasa canjin a wani furotin ne mai suna rilin. Ya kai 67 kafin rikicewar farko, mantuwa a 72, ya rasu a 74. Shi ma amiloyid fal, tau ma da yawa a wurare, sai dai wani ɗan yanki da ke ƙofar ma'ajiyar tunani ya tsira. Kuma rilin da APOE ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa a jikin ƙwayar jijiya, masu karɓarsu iri ɗaya ne. 'Yar uwarsa mai irin canjin nasa bata samu kariya kamar tasa ba.

Ga wanda aka miƙa wa takardar gwajin ruwan laka, ko ta gwajin jini da FDA ta fara amincewa da shi a Mayun 2025, lamarin matar nan yana da amfani kai tsaye. Kason 42 da 40 in ya faɗi yana nufin gudaji sun taru, kuma yana dacewa da PET a wajen mutum tara cikin goma. Baya faɗin yaushe mantuwa za ta zo, baya faɗin nisan da ciwon yayi, sabida amiloyid yana hawa ne ya kai wani wuri ya tsaya tun kafin alamomi su yi tsanani. Shi yasa ake auna shi tare da tau mai fosfet da alamar lalacewar jijiya, tsarin da masu bincike suka tsayar a 2018 mai harafi uku, A na amiloyid, T na tau, N na lalacewar jijiya. Kuma shi yasa likitoci da yawa basa son a yi wa mai lafiya ƙalau gwajin haka kawai dan yana son sani. In mutum na da alamomi gwajin yana raba gardama, ko Alzaima ce ko wata cutar mantuwar daban, in sakamakon ya fito daidai ma sai a nemi dalili a wani wurin, wanda wani lokacin abu ne mai magani.

Aikin da ake yanzu shine a kwaikwayi Christchurch. An saka canjin a ɓeraye a ɗakunan bincike daban daban, na Yadong Huang a San Faransisko da na David Holtzman a Sen Luwis, a ƙarshen 2023 duka biyun suka ba da rahoton cewa tau ya rage yaɗuwa da ɓarna, na Huang ma a kan APOE na 4 ya ɗora canjin kuma ya yi aiki, wanda shine ya fi shafar mai Alzaima ta yau da kullum da bashi da alaƙa da Antiyokiya. A ɓerayen Holtzman an ga ƙwayoyin share datti na ƙwaƙwalwa sun fi ƙwazo wajen cinye lalataccen tau a kewayen gudajin. Su Arboleda-Velasquez kuma sun haɗa wani sinadarin garkuwa da ke toshe wajen da APOE ke kama hefaran salfet, shi ma a ɓeraye aka gwada. Wahalar ita ce wannan wajen na APOE shine kuma yake amfani da shi wajen kwashe kitse daga jini, dan haka duk maganin da zai toshe shi sai an tabbatar bai gyara ƙwaƙwalwa ya ɓata jijiyoyin zuciya ba, ga kuma matsalar shigar da shi cikin ƙwaƙwalwar tunda irin waɗannan sinadaran ɗan kaɗan ne ke ƙetarawa daga jini. Lopera ya rasu a watan Satumban 2024 yana da shekara 73, rukunin da ya kafa a Medelin na ci gaba da bin dangin.